Godiya Ga Ma'aikatan Internet Archive Daga Wani Mai Gyara

Zuwa ga ma'aikatan Internet Archive, San Francisco, Amurka.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, na zaɓi in yi muku godiyar nan a bainar jama'a don 'yan'uwana masu gyara su ma su ji.

Sana'ata gyaran firinta da injin fotokwafi. Yawancin injinan da ake kawo mana 'yan gwanjo ne daga Turai da Amurka, ba kwali, ba manuwal, wato littafin bayanin injin. Kamfanin da ya ƙera injin kuwa, da zarar ya daina yin irinsa, sau da yawa sai ya sauke littafin daga shafinsa. Wasu shafukan kuma sai ka biya da dala kafin ka san ko littafin injinka ne.

A archive.org, shafinku na adana littattafai da bayanai a intanet, nake samun da yawa daga cikin littattafan nan, kyauta. Lambar samfurin da ke jikin farantin bayan injin kawai nake rubutawa, in an dace sai in sauke PDF ɗin a waya. Wanda ya fi yi min rana shi ne manuwal na masu gyara. Na mai amfani zai koya maka sa takarda, in abu ya ɓaci ya ce ka kira kamfani, kamfanin da ko ofis ba shi da shi a garinku. Na masu gyara kuwa shi ke bayyana ma'anar lambar da injin ya nuna a fuskarsa lokacin da ya tsaya, ya zana maka cikinsa, ya ce ga abin da za ka fara kwancewa, ga kuma lambar kowane sifiya. Da lambar sifiyar nake shiga kasuwa yanzu, ba da kwatance ba. A nan ne kuma mutum zai tabbatar ko injin na wutar Amurka ne mai ƙarfin volt 120, tun kafin ya soka shi a tamu mai 230 ya ji ƙauri.

In littafin ba ya rumbunku, sai in koma Wayback Machine ɗinku, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, wanda kuka buɗe wa jama'a tun 2001, in buɗe tsohon shafin kamfanin kamar yadda yake a da.

Ina miƙa jinjina ta musamman ga ma'aikacinku Malam Jason Scott da 'yan sa-kai da suka kwashe dubban manuwal daga wani sito a jihar Maryland a 2015, lokacin da ake shirin zubar da su. Da masu kutse suka durƙusar da shafinku a Oktoban 2024, ba ku kaɗai kuka shiga damuwa ba, har a shagona an ji a jiki.

Allah ya saka da alheri ga Malam Brewster Kahle da ya kafa wannan aiki a 1996, da ku duka.

Naku,
Mai gyaran injin fotokwafi, Kano