Barka da Sallah daga Nashbil

Assalamu alaikum Inna, Baba, da duk mutanen gida.

Barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Lokacin da kuke saukowa daga Idi mu nan ko asuba ba ta yi ba, awa 6 ne tsakaninmu, amma idona biyu, ina ta lissafin yanzu Baba ya sa babbar riga, yanzu Inna ta sauke miya. Mu a wani makeken zaure da aka kama haya muka yi namu Idin, da Somaliyawa da 'yan Pakistan da Kurdawa, su Kurdawan ma duk Amurka babu garin da suka fi yawa kamar nan. Ana sallamewa rabin jama'a suka ruga motocinsu, domin gwamnati ba ta ba da hutun Sallah. Baban yara ma gida kawai ya sauke mu ya wuce aiki. Titi shiru, babu algaita, babu doki, babu yaro ko ɗaya mai yawon Sallah.

Inna, dublan ɗinki ne ya tsaya mini a rai tun daren jiya. Yadda muke zama a tsakar gida bayan isha'i, ke kina murza ƙullin har ya yi siriri, mu muna yanka muna naɗewa, Gwaggo tana kan kasko, a tsoma a ruwan sukari mai lemon tsami a jera a faranti. Da safe kuma a cika kwanuka a ɗora wa yara, wannan na gidan Liman, wannan na gidan Kawu, kuma babu kwanon da yake dawowa wayam. Abin da ya fi yi mini ciwo ke nan a nan, a ce ranar Sallah ta wuce kwano bai fita daga gidana ba.

To amma ku ji abin da Allah ya yi. Maƙwabciyata, tsohuwar nan baƙar fata da nake miƙa wa ƙosai da azumi, ta ce ranar bikinku zan shigo in koya miki abin da mahaifiyata take yi mana ranar Lahadi. Da hantsi sai ga ta da ayaba 5 da kwalin biskit. Suna ce masa banana pudin, kuma a kudancin Amurka ba a taron dangi ko walimar coci ba tare da shi ba. Har biki ake yi masa kowace shekara a watan Oktoba a wani ƙaramin gari, Centerville, nan cikin jihar Tenesi.

Akwai garinsa na kwali da ake kaɗawa da madara a gama nan take, amma ta ce wannan ba ya shiga kicin ɗinta. Muka fasa ƙwai 3, ƙwaiduwa daban, farin daban. Ta haɗa rabin kofin sukari da sulusin kofin fulawa da ɗan gishiri, ta zuba madara kofi 2 da ƙwaiduwar, sannan ta ɗora kwanon a bakin tukunyar da ruwa yake tafasa a ciki, don kada wuta ta taɓa shi kai tsaye ƙwan ya dunƙule. Ta miƙo mini cokalin katako ta ce kada hannuna ya tsaya. Wajen minti 10 ina juyawa yana nan tsararo, sai can na ji cokalin ya fara nauyi, ya yi kaurin kunun gyaɗarki, Inna. Ta ja yatsa a bayan cokalin, layin ya tsaya bai haɗe ba, ta ce a sauke.

Wajen ƙamshi ne na tsayar da ita. Ruwan banila na asali da suke sawa, dokar ƙasar nan ta ce sai ya ƙunshi aƙalla kashi 35 cikin ɗari na barasa. Ita ba ta taɓa lura ba. Na ɗauko wanda na saya a shagunan halal na titin Nolensville, marar barasa, ta sansana ta ce ya yi. Haka rayuwarmu take a nan, komai sai ka juya bayan kwali ka karanta.

Sai jerawa. Biskit ɗin ƙanana ne zagayayyu, Nilla sunansu. A shimfiɗa su a ƙasan kwano, a bi da yankakkiyar ayaba, a kwarara kunun ƙwan da zafinsa, a sake hawa na biyu da na uku. Ayabar mai ɗigo-ɗigon baƙi kaɗan ake so, ta nuna amma ba ta luguiguice ba, kuma sai kunun ya rufe ta ruf, duk yankan da iska ta samu baƙi yake yi. Farin ƙwan kuwa da na'ura muka buga shi da rubu'in kofin sukari har ya zama kumfa fara sol mai tsayuwa da kanta. Ta shafe saman da ita har bakin kwano, ta ɗaga ƙananan tsinaye da bayan cokali, muka sa a obin mai zafin 350 a ma'auninsu, wajen 175 a namu, kamar minti 15. Ya fito tsinayen sun yi ja, gidan duk ƙamshi.

Da daɗi, wallahi da daɗi. Biskit ɗin yana shan danshi ya yi laushi, yara har da lashe cokali. Sai dai komai nasa taushi ne, haƙori ba ya samun abin yi, ni kuwa ƙaras-ƙaras ɗin dublan bakina yake nema. Na kai loma ta biyu sai hawaye. Baiwar Allah nan ba ta tambaye ni komai ba, ta dafa kafaɗata har na yi shiru.

Bayan azahar na raba shi a kwanuka na ɗora wa jikokinku. A nan ba a aiken yaro shi kaɗai, don haka na bi su a baya da mayafina. Mutane ba su saba a buga musu ƙofa ba waya ba, wani ma ta taga ya fara leƙo mu. Amma gidan Somaliyawan ƙasanmu sun dawo mana da kwanon cike da sambusa.

A gaishe mini da Hajiya Kaka, a ce mata kishiyarta ƙarama ta sa atamfar da ta aiko, ɗinkin ya zauna mata ɗas, kuma tana cewa ita ce ta fi kyau. Yaya ƙafar tata? Don Allah a daina barinta tana alwala da ruwan sanyi da asuba, kuma a kunna mata muryar yaran da na turo, a sa mata wayar kusa da kunnen dama. Baba, Allah ya ƙara girma, a ci gaba da sa mu a addu'a. Ina gaida Gwaggo da Kawu da iyalansu, da Yaya Babba da amaryarsa, da Liman, da mutanen layi baki ɗaya.

Auta, ke kuma saurara. Idan an je kallon Hawan Daushe ki ɗauko mini bidiyo mai tsawo, ba irin guntayen bara ba. Kuma ki gwada wannan abin, ayabar 'Yan Lemo ta fi tasu zaƙi nesa ba kusa ba, biskit mai madara ya wadatar, in babu obin ki bar kumfar. Ku cinye a ranar, kada ku dogara da wutar firji. Inna, ki sa ta ta ɗauki muryarki kina faɗin ma'aunin dublan, gwangwani nawa na fulawa, mai nawa, ina so in yi shi da Babbar Sallah in kai wa maƙwabciyata.

Taku har kullum,
'Yarku ta Amurka