Kifin Nan Naka, Na Gano Shi

Mutumina,

Gaisuwa mai yawa. Ya aiki, ya zafin bakin teku? Ka yi haƙuri da shirun nan. Hoton kifin da ka turo ne ya hana ni sakat, na rantse ba zan rubuto ba sai da amsa a hannu. Daren jiya na same ta.

Dangin kifin malam-buɗe-littafi ne, mazauna duwatsun murjani, irinsu sun kusa 130. Naka shi masana ke kira Chaetodon auriga. Ɗauko hoton ka duba: gaba fari da layuka a karkace, baya rawaya, baƙin zane ya ratsa ta kan ido. Abin da ya raba gardama shi ne siririn zaren nan da yake ja daga ƙarshen fiffiken bayansa. Kai da ka dage wai ciyawa ce ta maƙale masa! Har yanzu musun nan naka bai sake ka ba.

Amma sai da na yi kwanaki kaina a ɗaure. Duk hoton da na gani akwai baƙin ɗigo kamar ido a saman fiffiken, naka kuwa babu. Ashe na Bahar Maliya ne ba su da shi. Waɗanda ke Tekun Indiya da Fasifik, daga gaɓar gabashin Afirka har Hawaii, da ɗigonsu. Wallahi da na karanta wannan sai da na miƙe tsaye don murna. A Bahar Maliyan da kake ɗin ma Forsskål, wani masani ɗan Suwidin, ya fara bayyana shi, aka buga a 1775.

Af, ƙaninka ya zo shekaranjiya, ya ci jarrabawar. Ya ce kai kaɗai ne ba ka kira ba. Ka kira yaron nan, don Allah.

Kifin kuwa, tsawonsa ba ya wuce santimita 23, kuma galibi bibbiyu suke yawo a ruwa marar zurfi, suna tsintar tsutsotsi da ƙananan halittun murjani. Shi ya sa zancen da ka yi na murjanin wajenku da ya fara fari ya tsaya min a rai. Ɗumin ruwa ke jawo haka. Wurin da yawa ne?

In ka sake shiga, nemo min ɗan'uwansa mai rawaya fes da shuɗin tabo a bayan ido. A Bahar Maliya da Mashigin Aden yake zama. Ka riƙe kyamarar da kyau wannan karon.

A gaida Madam da yara.

Naka har kullum.