Wuƙar bidiyo daban, wuƙar lungu daban

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi magana da samarinmu masu koyon faɗa a waya, da malaman da ke karɓar kuɗinsu da sunan koyar da kare kai.

Watan jiya ɗan yayana yana dawowa daga makarantar dare, wasu yara biyu suka tare shi a wani lungu a nan cikin birnin Kano. Ɗaya ya zaro wuƙa ya ce kawo waya. Ashe yaron nan ya daɗe yana kallon bidiyon yadda ake murɗe hannun mai wuƙa, har yana gwadawa a kan ƙannensa da muciya. Sai ya kai hannu. Wayar dai ta tafi, ga ɗinki a tafin hannu, yatsu biyu har yau sun ƙi lanƙwasuwa. Kuma tela ne.

Na yi judo shekara tara ina saurayi, don haka ba ƙin wasan nake yi ba. Amma malaminmu bai nuna mana yadda ake kayar da mutum ba sai da muka yi wata uku muna koyon faɗuwa: haɓa a ƙirji, ƙeya kada ta taɓa ƙasa, a daki katifa da tafin hannu. Mun yi ta gunaguni. Ranar da babur ya watsar da ni a kan kwalta, wannan darasin ne ya tsare min kai. Jigoro Kano, mutumin Japan da ya kafa judo a 1882 (suna ne kawai ya zo ɗaya da garinmu), ya nace a kan abin da suke kira randori, wato ka kama da wanda ba zai ba ka haɗin kai ba. Dabarar da ba ta ci sai abokin gwaji ya miƙo hannu ya tsaya kamar gunki, wannan rawa ce.

'Yan dambe sun fi 'yan bidiyo sanin haka, domin suna shan naushi na gaske. Duk da haka a je gidan dambe na Ado Bayero Square a gani: turmi uku ne, akwai alƙali, da gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, sai a raba. Kamaru Usman ma da ya ci kambun UFC, gasar faɗa ta ƙwararru, a 2019, sai an auna nauyi, mutum ɗaya yake fuskanta, likita na gefe. A lungu wa zai raba? Mahari na biyu ma a bayanka yake.

Ga gwajin da nake so kowane malami ya yi wa ɗalibansa. A sa wa gwanin aji farar riga, a ba wani yaro jar maka, wato alƙalamin rubutu a allo, a matsayin wuƙa, a ce ya yi ta suka iya ƙarfinsa na daƙiƙa ashirin. Mun taɓa yi. Na ƙwace makar kam, amma da na cire rigar na ƙirga jan layi bakwai, biyu a tumbi, ɗaya a wuya. Masu taƙama da maganin ƙarfe ma ina gayyatarsu.

Da ni ke da aji yau, gudu zan fara koyarwa, na gaske, da takalmin da ake yawo da shi. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Sai tazara, da daina latsa waya a bakin adaidaita sahu, da jefa wayar gefe guda kai ka yi ɗaya gefen kana ihu. Sai yadda ake danne rauni da tsumma a tsayar da jini kafin a kai asibiti, abin da cikin mutanen da suka taru a kan yaronmu babu wanda ya iya. Naushi da kayarwa su zo daga baya, don ranar da aka rutsa ka babu hanyar fita.

Yaron yana zuwa gashin hannu sau biyu a mako. Almakashi dai har yanzu ƙaninsa ke riƙe masa.

Naku,
Wani tsohon ɗan wasan judo, Kano