Godiya ga kamfanin sufurin da ke ɗauko mana kaya

Zuwa ga Manaja da dukkan ma'aikata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin yabon gwani ya zama dole, kuma direbobin tirela zagi suka fi sha a hanya, ba yabo ba.

Sana'ata sayar da gilashi da tayil ce, kayan da ba sa yafe ganganci. Na yi hulɗa da masu ɗaukar kaya iri-iri, kowa da lasisinsa, kowa ya iya murza sitiyari. Amma direbanku tun kafin ya tayar da mota aikinsa yake farawa. Sai ya zagaye ta tsaf, ya duba tayoyi da notinansu, ya zubar da ruwan da ya taru a tankin iska, sannan ya taka birki ya kasa kunne ko iska na tsiyaya ta wani wuri. Masu lodi na gunaguni, shi ko a jikinsa.

Wajen lodi ma ba ya komawa inuwa ya kwanta. Yana tsaye a kansu, mai nauyi a ƙasa, kuma a raba shi yadda ba zai taru a gefe ɗaya ko a kan wasu tayoyi kaɗai ba. Na ga ranar da ya sa aka sauke layi guda na tayil aka sake jerawa, ya ce in aka bar shi haka, kwanar farko mai kaifi za ta nuna mana. In ya ɗan taɓa tafiya kuma yakan tsaya ya ƙara ɗaure igiyoyi, don kaya sukan zauna su saki.

Inda na fi jinjina masa shi ne gangara. Tirela da lodinta takan kai tan 40, kuma wanda ya dogara da ƙafarsa a kan birki tun daga sama har ƙasa, dafa birkin yake yi. Zafi na yin yawa sai ya daina kamawa, ka ji ƙauri ya tashi, daga nan sai addu'a. Yaron da ke raka mini kaya ya ce direbanku tun kafin ya shiga gangara yake saka giya ta ƙasa, ya bar inji ya riƙe motar, birki kuwa taɓawa kawai yake yi ya saki. Ƙananan motoci suna ta hon a bayansa, bai kula su ba.

Haka a kwana: ya san tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yankewa suke yi, don haka yakan buɗe sosai, idonsa a madubi. Ribas kuwa, in bai ga bayansa da kyau ba, saukowa yake yi ya je ya duba da idonsa, ba ya jin kunyar 'yan kallo.

Amma ranka ya daɗe, rabin wannan yabo naku ne. Direba ba zai iya ajiye mota ya yi barci ba in ya san ofis zai yanke masa albashi saboda latti. Akwai lokacin da kayana suka makara, aka kira ni daga ofishinku aka ce direba ya ji gyangyaɗi na ɗibarsa, ya samu wuri ya kwana, da safe zai iso. Ba a yi mini ƙaryar faci ko cunkoso ba. Ga shi kuma in direba ya ce taya ta suɗe, ba kwa ce masa ya lallaɓa ta kai wannan zuwan.

Roƙona ɗaya, ku riƙa haɗa sabbin direbobi da tsofaffin nan su daɗe tare a hanya kafin a miƙa musu makulli. A isar da gaisuwata ga direbobi, da yaran mota, da makanikai na gareji. Allah ya tsare hanya, ya ƙara buɗi.

Naku,
Wani mai sayar da gilashi da tayil