Ku ma ku ji ta bakin masu buga RPG

Assalamu alaikum malam edita, da fatan kuna lahiya kai da abokan aikinka. Na saurari shirinku na matasa inda aka yi gardama kan wasannin PlayStation, amma duk waɗanda kuka ba makiro masu buga wasannin ƙwallo ne, FIFA da PES, suka taru suka yi ma wasannin RPG, wato na bin labarin jarumi, taron dangi, wai dogon surutu ne da yawo cikin daji ana kashe dodanni ba dalili. To ni ina bugawa kuma ban yarda ba.

Abin da ba a faɗa ba shi ne yadda ake buga wasa a nan Maraɗi. Mafi yawanmu ba mu da na'ura a gida, sal muke zuwa, wato ɗakin buga wasa na kuɗi, ka biya kuɗin mach guda a miƙo maka manet, abin bugawa na hannu, minti kaɗan an gama wani ya karɓa. RPG kuwa ba ta shiga wannan tsari ko kaɗan, labari ne da ake bi awa 40 ko 60 ko fiye, ka fara da yaro mai ƴar sanda ba shi da komi, kana ƙara mashi ƙarfi da makamai da abokan tahiya sannu a hankali, kuma dole ka ajiye inda ka tsaya, a PS2 sai da kart memuwar, mai sal kuma ba zai bar maka wuri a kart ɗinshi ba, in ma ya bari gobe wani yaro ya goge, ga kuran da ke ɗaukewa kana tsakiyar faɗa da babban dodo kafin ka kai wurin ajiya. Don haka masu zagin nan rabin awar farko kawai suka gani, inda ake ta bayani, suka yanke hukunci.

Mu kanmu masu bugawa ba bakinmu ɗaya ba. Akwai masu son salon Japan na bi da bi, ka zaɓi abin da kowane jarumi zai yi, wannan ya kai sara, wannan ya yi magani, sannan abokin gaba ya rama. Dragon Quest ta fito da shi fili a 1986, kuma Akira Toriyama mai Dragon Ball ne ya zana mutanenta, Final Fantasy ta biyo a 1987, ta 7 kuma da ta fito 1997 faifai 3 ce cur. Sai masu son irin Skyrim ta 2011 da Elden Ring ta 2022, a sake ka cikin duniya ka tahi inda ka ga dama, faɗa kuma saurin yatsa ne. Ni ina bayan na farko. Bi da bi kamar dara ce, wanda ya fi lissafi shi ke ci, ko manet ɗinka ta tsufa maɓalli na maƙalewa ba ruwanka. Skyrim akwai faɗi, na yarda, amma labarinta sakwa-sakwa ne, sai ka yi sati kana tara tukwane da takubba ka manta mi ya fito da kai. Masu cewa bi da bi ta mutu kuma su dubi Clair Obscur: Expedition 33 da wani ƙaramin kamfanin Faransa ya fitar a 2025, duniya ta karɓe ta hannu biyu.

Wani abu kuma, wasannin nan karatu ne dole. In ba ka karanta faransancin da ke fitowa a tele ba ba za ka san ƙofar da za ka nufa ba, na ga ƙannenmu da ba su son buɗe littafin lakwal suna tambayar ma'anar kalma don kar su ɓata.

Maganar malamin da ya bugo waya cikin shirin kan sihiri da tsiraicin da ke cikin wasannin, a nan ba ni da ja sosai. The Witcher 3 ta 2015 labarinta ya yi kyau ƙwarai amma akwai wuraren da ba za ka so yaro ya gani ba, shi ya sa aka rubuta 18 a jikin kwalinta, wato sai mai shekara 18. Iyaye da masu sal su riƙa duba lambar nan, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Kuma ba turawa da ƴan Japan kaɗai ke yi ba, Kiro'o Games na Kamaru sun fitar da Aurion a 2016 da jarumai baƙar fata.

Roƙona biyu ne. Ku sake shirin ku gayyato mu, sannan masu sal su ware na'ura ko guda ɗaya da ake biya da awa, kowa da wurin ajiyarshi da ba a taɓawa. Na gode.

Mai sauraronku kullum, daga unguwar Zariya, Maraɗi