Wasiƙa daga gidan gona: mujiyar rufinmu da sauran maƙwabta

Assalamu alaikum aminina,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya yara, ya fama da aiki? Allah ya sa kowa ƙalau. Mu ma nan Alhamdulillahi, uwargida na gaishe ka, yara ma sun ce in gaishe da babansu na nesa.

Na ga saƙonka, kuma wannan tambayar da ka yi kan ƙarar da ka ji a bayan muryata daren da na turo maka saƙon murya, wai ko yaro ne ke ihu ko wani abu aka taka, ita ce ta sa na ce bari dai in zauna in rubuto maka da tsawo don maganar ta fi ƙarfin saƙon minti ɗaya. Mujiya ce mutumina. Irin farar nan mai faffaɗar fuska, ta samu wani gurbi tsakanin kwano da silin na ɗakin da muke ajiye kayan gona ta yi gida a ciki, har ta ƙyanƙyashe. Ihun da ka ji na uwar ne, amma wanda ya fi damun mutane shi ne na 'ya'yan, da magariba ta yi za ka ji suna ta huci kamar taya tana sacewa, haka za su yi ta yi har sai an kawo musu abin da za su haɗiya. Daren farko yara ƙin barci suka yi wallahi, sai da na ɗauko tocila na haska musu daga nesa suka ga fuskokin nan a jere suna leƙe, wani babba wani ƙarami wani ma ɗan mitsitsi duk farin gashi. Dalilin da ba sa zuwa kai ɗaya kuwa, uwar ba ta jira ta gama saka ƙwai kafin ta hau kwanci, da ta saka na farko ta hau, sauran suna biyowa bayan kwana 2 ko 3, shi ya sa na fari ke girme wa auta da kusan sati biyu.

Mutane da yawa da suka zo sun ce in kore ta, in toshe ramin, wasu har da cewa in sa a harbe ta. Na ƙi, kuma bari ka ji dalilina. A ƙasan wurin da take zama kullum da safe za ka tarar da wasu 'yan curi-curi baƙaƙe, farko za ka zaci kashi ne amma ba shi ba ne, amai ne. Ita mujiya haɗiye ɓera take ɗungurungum, naman ya narke a ciki, gashi da ƙasusuwa kuma ta dunƙule su ta amayar. Na ɗauki ɗaya da ya bushe na fasa da tsinke a kan takarda yara suna kallo, sai ga ƙoƙon kan ɓera cif da haƙoransa biyu na gaba masu ruwan ɗorawa, ga muƙamuƙi, ga 'yan ƙasusuwan ƙafa sirara. A wani curin har kawuna biyu muka samu. Toh ka lissafa, uwa da uba da 'ya'ya kowa na ci kowane dare, wane tarko ne zai yi min wannan aikin? Kuma a duhun da ni ko tafin hannuna ba na gani take kamawa, saboda da kunne take farauta, kunnuwan nata ma ba daidai suke ba, ɗaya ya ɗan fi ɗaya sama, da haka take gane daidai inda motsin yake. In ta wuce ta saman kanka ba za ka ji ko fiffike ba, sai dai ka ga farin abu ya gilma.

Shi ya sa na hana a shigo da shinkafar ɓera gidan nan kwata-kwata, kuma wannan ita ce maganar da na fi so ka riƙe. Da yawa daga magungunan ɓeran nan ba nan take suke kashewa ba, ɓeran zai ci ya yi kwanaki yana yawo a galabaice, kaga kuwa shi ne mafi sauƙin kamawa, mujiya ta ɗauka ta kai wa 'ya'yanta, kyanwa ta ɗauka, shaho ya ɗauka, guba ta bi su duka. Ka kashe ɓera goma ka kashe wadda za ta kashe maka ɗaruruwa. Abin da muka yi kawai shi ne komai na hatsi ya koma cikin duro mai murfi, aka liƙe ramukan gindin bango da siminti, shara kuma ba ta kwana kusa da ɗaki.

Akwai jaɓa ma, wadda kowa ke bi da sanda saboda warinta da tsiwar kukanta. Ba ɓera ba ce fa, ko dangi ba su haɗa ba, ba ta taɓa hatsi, kyankyasai da gyare da sauran ƙwari take bi, kuma cikinta ba ya jimirin yunwa ko kaɗan, kusan nauyin jikinta take ci a rana. Wani dare na ga uwar ta fito daga bayan randa da 'ya'yanta a jere, kowane ya ciji gindin wutsiyar na gabansa, na farko ya riƙe uwar, suka bi gindin bango a haka ba wanda ya saki. Na daɗe a tsaye ina kallo.

Bushiya kuwa ita ce ƙawar yara. Da damina ta sauka take fitowa, duk rani ba ka ganinta, tana can ta lafe a wani rami ko ƙarƙashin tarin ganye tana jiran ƙwari su dawo. Tana zuwa gindin fitilar sola da ke tsakar gida saboda ƙwarin da ke faɗowa, za ka ji ƙurus-ƙurus tana taunar buzuzu. Ƙaramar 'yata ta taɓa ajiye takalminta na roba a wurin, bushiyar ta zo ta shinshina ta lasa ta lasa, can sai bakinta ya yi kumfa ta karkace jiki tana shafa kumfar a ƙayoyin bayanta da harshe har tana faɗuwa gefe. Yarinya ta fashe da kuka wai ta ci guba za ta mutu. Lafiyarta ƙalau, ɗabi'arsu ce in suka ci karo da sabon wari. Abu ɗaya da ke kashe su a gida shi ne rami mai santsi, in suka faɗa ba sa iya fita, don haka duk ramin da muka haƙa sai mun jingina katako a ciki kafin dare.

Kar ka ce ina nuna maka komai daɗi ne, a'a. Akwai ɓarna kuma tana da ciwo. Shirwa ta ɗauke mana 'yan tsaki a gaban idona, kaza na ta kururuwa tana tsalle ba yadda ta iya. Damo ya gano inda kaji ke saka ƙwai ya mayar da wurin nasa, sai dai ka zo ka tarar da wayam da sawun wutsiyarsa a ƙasa. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne daren da wani abu, ko tunku ne ko muzuru, ya shiga akurki ta wata kafa da ko hannuna ba zai shiga da daɗi ba, da safe muka tarar da kaji a zube, wasu ko ci bai yi ba. Ranar uwargida ko magana ba ta iya yi, don ita ta raine su tun suna tsaki. Na ji haushi sosai, amma da na huce na duba sai na ga ko na kashe wannan wani zai zo, dajin nasu ne, ƙofa ce a buɗe. Muka sa raga mai ƙananan ido ta zagaye akurkin har ƙasa, muka binne bakinta cikin ƙasa don masu tono, 'yan tsaki kuma ba sa fita fili sai sun yi ƙwari, an yi musu rumfar ƙaya da za su ruga ciki in inuwa ta gilma. Tun daga nan asarar ta ragu sosai.

Toh sai maganar da na san ita ce a ranka, maciji. Eh akwai, ba zan ɓoye maka ba. Wata la'asar na je ɗaukar itace a bayan ɗaki, na ɗaga guda kenan sai ga gamsheƙa ta miƙe ta fasa kai, baƙa wuluk tana sheƙi, tsakanina da ita bai fi taku uku ba. Abin da ya zo min shi ne idona, don irin wannan tofi take kuma ido take nema, tana iya kai wa mita 2 ko fiye. Na kawar da fuska na sa hannu na kare na ja da baya a hankali ban juya da gudu ba, ita ma da ta ga an ba ta hanya sai ta sauke kai ta sulale ta bi ta ƙarƙashin shinge. Jikina ya daɗe yana rawa. Washegari muka kwashe itacen nan gaba ɗaya muka mayar da shi nesa da ɗaki a kan dandamali, muka sassabe ciyawar da ke kewaye da gida. Maciji ba mu yake nema ba, ɓera da kwaɗo da ƙwai da wurin ɓuya yake nema, in babu su ba abin da zai zaunar da shi. Wadda na fi tsoro ma ba gamsheƙar ba ce, kasa ce, don ita ba ta gudu, kwanciya take a kan hanya launinta ya saje da busasshen ganye sai an taka. Sai kububuwa, 'yar ƙarama amma dafinta hana jini daskarewa yake, ita in ta ji motsi takan goga jikinta da jikinta ka ji wani sauti shuuu, in ka ji ka tsaya cak ka duba. Doka ce a gidan nan, ba mai fita da daddare ba tocila ba takalmi rufaffe, ba mai zura hannu a rami, takalmi kuma sai an zazzage kafin a sa saboda kunama.

Ba wasa ba ne wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maciji na saran mutane kusan miliyan 5.4 a shekara, tsakanin 81,000 zuwa 138,000 suna mutuwa, har a 2017 ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Na zaunar da kowa a gidan har yara na faɗa musu, in tsautsayi ya faɗa ba ɗaure wuri tamau da igiya, ba tsagawa da reza, ba tsotsa da baki, duk ƙara ɓarna suke. A cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a hana mutum tafiya da ƙafarsa in da hali, a ɗauke shi sai asibitin da ke da allurar dafin maciji, kar a tsaya neman macijin. In tofi ne a ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a tafi. Lambar mai motar da zan kira ko tsakar dare ne tana cikin wayata da ta uwargida.

Sauran kam sai dai kallo. Tsaka na bin bango tana lashe sauro, ba ta da dafin komai duk da sharrin da ake mata, hawainiya ma haka, tana kan bishiyar bakin rijiya ido ɗaya na kallona ɗaya na kallon fara. Marai sun cika wata bishiya da saƙa, namijin ne ke saƙawa da ɗanyar ciyawa ya rataya a ƙasan gidan yana kaɗa fiffike yana kira, in macen ta leƙa ba ta shiga ba har ciyawar ta bushe sai ya warware abinsa ya sake sabo. Akwai cilakowa a kogon wata tsohuwar bishiya, macen ta shige ciki an liƙe bakin da laka saura 'yar tsaga, mijin ne ke ta jigilar ƙwari yana miƙa mata ta nan har 'ya'ya su yi wayo. Saboda su na hana a sare bishiyar duk da rabinta ya bushe.

Abin da ke damuna shi ne wadda ba na gani, ungulu. Ka tuna da muna yara ko ina ka ɗaga kai suna nan suna shawagi, yanzu kwanakin baya jakin wani maƙwabcinmu ya mutu a bayan gona, gawar ta yi kwanaki tana wari, karnuka da ƙudaje ne kawai a kai, ungulu ko ɗaya ba ta sauka ba. Wani dattijo da muke hira da shi ya ce shi ma rabonsa da ganinsu da yawa ya manta. A 2015 ƙungiyar IUCN mai bin diddigin halittun da ke neman ƙarewa ta sa irin ungulun nan da muka saba gani kusa da gidaje cikin waɗanda ke gab da ɓacewa, kuma guba da ake sa wa a mushe don kashe karnuka ko dila na cikin manyan dalilai, gawa ɗaya sai ta kwashe garke guda. A Indiya an ga irin haka tun shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu mai suna diclofenac ya riƙa lalata ƙodar ungulayen da suka ci mushen, wasu nau'o'in sama da kashi 95 cikin 100 suka mutu kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, mushe ya yi ta ruɓewa a fili karnukan sakai suka ƙaru. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa. Na fara yi wa maƙwabta magana ɗaya bayan ɗaya kan sa guba a mushe, wasu sun ji wasu sun yi min dariya, zan dai ci gaba da faɗa.

Kai ma dan Allah ka ba ni labarin naku can, me kuke gani a bayan gida, ko akwai tsuntsun da ba mu da shi a nan? In ka samu ka ɗauko hoto ka turo ta WhatsApp, babban yarona ya fara rubuta sunan duk abin da ya gani a wani littafi, zai ji daɗi ƙwarai. Ka gaida madam da yara, ka gaida su Mama in kun yi waya. Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka