A Ceto Tsofaffin Taswirorin Mambila Daga Bakin Gara

Ranka ya daɗe Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini don in yi magana a kan wata dukiya da ke ruɓewa cikin durowa, wato tsofaffin taswirorin tsaunin Mambila da dajin Gashaka da ke jihar Taraba.

Na yi shekaru ina aikin malamin dabbobi tsakanin Gembu da Nguroje, lokacin da ba waya ba intanet, sai doki da takardar safiyo. Waɗannan takardu, da aka zana daga hotunan da jirgin sama ya ɗauka, suna da siraran layuka masu nuna tudu da kwari. In layukan sun matsu da juna, ka san hawa ne mai karya gwiwa, irin na Mayo Selbe. Da su nake gane rafin da zan tsallaka kafin hazo ya rufe hanyar ruga. Har sunayen da Fulani da Mambilawa suka raɗa wa rafuka da tuddai suna ciki, ko da yake Bature ya murguɗa wasu.

Yankin nan yana cikin Kamaru ta Jamus kafin yaƙin duniya na farko, kuma Bajamushe Max Moisel ya zana taswirarsa tun wancan zamani. Daga baya ya faɗa hannun Ingila, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da shi Najeriya. Ko a shari'ar iyaka da Kamaru, wadda kotun duniya ta yanke a 2002, sai da aka baje tsofaffin taswirori.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kurmi. Ɗauki tsohuwar takarda ka tsaya a bakin kwari: inda aka zana duhuwar itatuwa, yau gona ce ko layin itacen turare. Wanda bai ga takardar ba zai rantse haka wurin yake tun fil azal. Shi ya sa ragowar daji irin Ngel Nyaki ke da daraja.

Bara na je wani ofis neman kwafi, aka jawo mini dami ɗaure da igiya, gara ta cinye rabi. Ina kira ga Ofishin Babban Safiyo na Tarayya da gwamnatin Taraba su tattara abin da ya saura, a ɗauki hotonsa a sa a intanet, a kuma kai wa makarantun Gembu nasu kwafin.

Naku,
Tsohon malamin dabbobi, daga Jalingo